Murya ce ta sauya ko kunnen masu kallo? Fashin baƙi kan rigimar Rick and Morty

Me zai sa manyan mutane, wasu da gemu wasu da 'ya'ya, su kwashe makonni suna cacar baki a intanet a kan muryar wani tsoho da aka zana da kwamfuta? Kuma shin da gaske ne shirin Rick and Morty ya lalace tun ranar da aka sallami mutumin da ke yi wa taurarinsa biyu magana? Wannan musu ya ɓarke ne a watan Oktoban 2023 da fitowar zango na 7, kuma ko da zango na 8 ya zo a watan Mayun 2025 wutar ba ta gama mutuwa ba. Mafi yawan masu musun sun ɗora laifin a kan murya. Idan aka bi zaren labarin, za a tarar murya ce mafi ƙanƙantar abin da ya sauya.

Katun amma ba na yara ba

A wajenmu da an ce katun, tunani kan tafi ga ɓera da kyanwa suna guje-guje, a miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. A Amurka kuwa an daɗe da raba hanya. Tun a 1960 aka fara nuna katun ɗin The Flintstones da daddare, lokacin da iyali duka ke gaban talabijin. The Simpsons ya fara a Disambar 1989, South Park a 1997, dukansu suna taɓa siyasa da addini da zaman aure. A 2001 tashar Cartoon Network, wadda ta yara ce da rana, ta ware sa'o'in dare ta kira su Adult Swim, ta ce wannan fili na manya ne.

A wannan fili Rick and Morty ya fito, a ranar 2 ga Disambar 2013. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi, Justin Roiland da Dan Harmon. Rick tsohon masanin kimiyya ne, mashayi, mai baƙin baki, wanda ya ƙera wata bindiga da ke buɗe ƙofa zuwa wasu duniyoyi. Morty jikansa ne na wajen 'yarsa Beth, ɗan shekara 14, matsoraci mai in'ina, wanda kakan ke ja zuwa duk inda ya nufa. Kowane kashi kusan minti 22 ne, kuma ƙarfe 11 na dare ake sa shi a can. Akwai ashar, akwai jini, akwai batsa, akwai kuma maganganun rashin yarda da Allah daga bakin Rick tun kashin farko.

Roiland ne ke yin muryar Rick, shi ne kuma ke yin ta Morty. Wato idan kaka da jika suna faɗa, mutum ɗaya ne a ɗakin ɗaukar sauti yake zagin kansa yana ba kansa amsa. Gyatsar da Rick ke yi a tsakiyar magana, da yadda Morty ke tuntuɓe a kan kalma, duk salonsa ne.

Abin da ya faru a 2023

A watan Janairun 2023 kafar NBC News ta fallasa cewa ana tuhumar Roiland a wata kotu ta gundumar Orange a jihar Kalifoniya da laifin dukan wata mata da yake nema da kuma tsare ta, a kan wani al'amari na 2020. Ya musanta. Kafin watan ya ƙare Adult Swim ta sanar da cewa ta raba gari da shi, amma shirin zai ci gaba. A watan Maris masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, suka ce hujjar ba ta kai ta gamsar da kotu ba. Daga baya wasu zarge-zarge sun sake fitowa a jarida game da mu'amalarsa da masoyan shirin, lauyansa ya ƙaryata. Ba a mayar da shi ba.

A nan ne rukuni na farko na masu fushi ya samo asali. Hujjarsu ita ce kotu ba ta kama shi da laifi ba, to don me za a raba mutum da abin da ya ƙirƙira? Masu ganin daidai aka yi suna cewa kamfani ba kotu ba ne, yana da ikon zaɓen wanda zai yi aiki da shi, kuma janye tuhuma don ƙarancin hujja daban yake da wanke mutum. Duk wanda ya shiga kallon zango na 7 ya riga ya tsaya a ɗaya daga cikin waɗannan ɓangarori kafin a kunna kashin farko, ko ya sani ko bai sani ba.

Tsayar da shirin bai ma taso ba. Tun watan Mayun 2018 tashar ta ba da kwangilar kashi 70 a lokaci ɗaya, abin da ya isa ya kai shirin zango na 10. Ba a jefar da irin wannan jari saboda mutum ɗaya.

Hanya biyu ce a gabansu. Akwai wani shirin na Roiland mai suna Solar Opposites a dandalin Hulu, inda aka ɗauko ɗan wasan Ingila Dan Stevens, aka bar shi ya yi magana da harshensa na Turawan Ingila, aka ƙirƙiri dalili a cikin labarin cewa an ji wa tauraron rauni a maƙogwaro an gyara da wata na'ura. An mai da abin raha, an wuce. Masu Rick and Morty sun ƙi bin wannan hanya. Suka nemi waɗanda za su kwaikwayi tsohuwar muryar sak, suka saurari dubban masu nema na tsawon watanni, suka kuma ɓoye sunayen waɗanda suka zaɓa har daren 15 ga Oktoba, da aka ga Ian Cardoni a matsayin Rick da Harry Belden a matsayin Morty. Ba wanda ya san su kafin wannan dare.

Abin da kunne ya ji

Bambancin yana nan, ba a musa shi. Belden ya kama Morty ƙwarai, har mutane da yawa sun ce ba za su iya rabewa ba. Cardoni ne ya sha suka. Idan Rick na magana a natse, kusan ɗaya ne. Idan ya ɗaga murya yana masifa, nan ne ake jin sabuwar ta fi tsabta, babu wannan kaushin na maƙogwaron da ya sha giya. Wasu sun ce kamar mutum ne ke karanta takarda da kyau, alhali wancan kamar maganar na faɗo masa ne a lokacin.

Sai dai akwai wani abu da masu ƙorafi suka riƙa tsallakewa. Sun yi ta cewa an rage gyatsa da in'ina, alhali wanda ya koma ya kalli zango na 5 da na 6, waɗanda Roiland ya yi da bakinsa, zai ji an daɗe da rage su. Rick ɗin da suke kewa na 2013 zuwa 2015 ne, kuma wancan ya tafi shekaru kafin a sallami kowa.

Mai kallon fina-finan Hausa masu dogon zango ya san irin wannan. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, makonnin farko ba labarin ake kallo ba, ana dai auna sabuwar da tsohuwar a kowane motsi. A katun abin ya fi wuya ta wata fuskar, domin fuskar ba ta sauya ba ko kaɗan. Ido na cewa shi ne, kunne na neman inda zai kama ƙarya. Wanda aka gaya masa an sauya murya, zai ji sauyin har a inda babu.

Masu shirin ma sun taimaka wa masu suka da zaɓen da suka yi na kashin farko. Sun gina shi a kan wani ɗan siririn halitta, abokin gidan su Morty, wanda matarsa ta rabu da shi ya faɗa shaye-shaye, Rick ya tara abokai su je su ba shi haƙuri sai abin ya koma yawon mashaya tare da ɗan wasa Hugh Jackman. Shi ma wannan halitta Roiland ne ke yin muryarsa a da. Ga sababbin muryoyi uku a dare ɗaya, ga Morty kusan ba ya ciki, ga barkwancin bai yi ƙarfi ba. A ganina kashi ne mai rauni ko da wa ya yi maganar. Amma da yake shi ne na farko bayan rigima, sai aka ɗauke shi shaida.

Wa ke rubuta shirin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, ita ce kuma aka fi jahilta. Mutane da yawa sun ɗauka wanda ke magana shi ke tsara abin da za a faɗa. A farkon shirin akwai gaskiya a ciki. Akwai wani kashi a zango na 1 da iyalin ke zaune suna kallon talabijin na wasu duniyoyi, inda Roiland ya riƙa ƙirƙirar tallace-tallace da shirme nan take a gaban makirfo, har ana jin dariya na ƙwace masa, aka bar ta a ciki aka zana hoto a kai. Wannan hauka marar tsari nasa ne. Tsarin labari kuwa, da yadda ake kai mai kallo daga dariya zuwa baƙin ciki cikin minti 20, aikin Harmon ne da ɗakin marubuta.

Da tafiya ta yi nisa sai ɗakin marubutan ya rinjayi makirfo. Rahoton mujallar The Hollywood Reporter a 2023 ya nuna Roiland ya yi shekaru ba ya da hannu sosai a rubutun, yana ɗaukar muryarsa ne daga gida. Harmon da kansa ya shaida wa mujallar cewa rabonsa da magana da shi tun 2019. Scott Marder ne ke jan ragamar aikin yau da kullum tun kafin rigimar. Kuma katun ba a yin sa cikin wata guda: a rubuta, a ɗauki murya, a zana taswirar kowane fage, a aika kamfanin zane a Vancouver ta Kanada, a dawo a gyara. Zangon da ya fita a Oktoban 2023 an yi nisa da rubuta shi kafin Janairun da aka sallami Roiland. Saboda haka wanda ya ce rubutun ya lalace don ya tafi, ya sa keke a gaban doki ne a lissafin lokaci: hannuwan da suka rubuta zango na 6, wanda aka yaba, kusan su ne suka rubuta na 7.

Kashi huɗu da suka raba kan masoya

Kashi na 4 a zango na 7 ya fara da iyalin suna santin wata taliya da Rick ke kawowa. Morty ya bi diddigi ya gano daga wata duniya take, inda duk wanda ya kashe kansa cikinsa ke rikiɗewa ya zama taliya. Da hukumar duniyar ta gane akwai kasuwa, sai ta shiga ƙuntata wa jama'arta don kaya su yawaita. A ƙarshe aka nuna rayuwar mutum ɗaya tun yarintarsa, soyayyarsa, asararsa, tsufansa, kowa ya kalla, taliyar ta daina ciwuwa. Wasu sun ce shirin ya wuce gona da iri. Wasu sun ce nan ya fi kowane kashi faɗin gaskiya a kan yadda muke cin abin da ba ma son sanin asalinsa. Abin lura, a wannan mako kusan ba wanda ya tsaya maganar murya.

Kashi na 5 ne ya fi girgiza mutane. Shekaru ana gina labarin cewa wani Rick na wata duniya ne ya kashe wa namu matarsa Diane da 'yarsa a duniyarsa ta asali (Beth ɗin da yake zaune da ita ta wata duniya ce), kuma neman fansa ne ya mai da shi abin da ya zama. Kowa ya ɗauka wannan shi ne ƙarshen shirin gaba ɗaya, sai a zango na 10 ko bayansa. Sai ga shi a tsakiyar zango, ba shiri, an kama maƙiyin an ɗaure a kujera, Rick ya yi ta dukansa da hannu har ya mutu. Ya dawo gida jina-jina, iyali na cin abinci suna hira, shi yana zaune kamar babu shi. Masu bin dogon labari suka rabu biyu nan take. Wasu suka ce an yi gaggawa, an zubar da abin da aka tara. Wasu suka ce ai manufar ke nan, a nuna fansa ba ta cike ramin, a kuma bar sauran zangon ya nuna mutumin da ya rasa abin da yake rayuwa dominsa. Ina tare da na biyun, kodayake na fahimci wanda ya jira shekaru aka ba shi minti 22.

Kashi na 8 ba ya buƙatar dogon bayani. Yaƙi ne tsakanin haruffa da lambobi, Morty da malamin lissafinsu a tsakiya, Rick bai fito ba ko sau ɗaya, karo na farko a tarihin shirin. Ya samu maki mafi ƙasƙanci a shafin IMDb, inda masu kallo ke ba fina-finai maki. Ga kashin da aka fi tsana, kuma babu muryar Cardoni a matsayin Rick a cikinsa balle a ce ita ce.

Na 10, wanda ya rufe zangon a ranar 17 ga Disamba, shi ya dawo da mutane da yawa. Akwai wani rami a banɗakin wani gidan abinci, wanda ya shiga zai fuskanci abin da ya fi tsoro. Morty ya faɗa. Muka ga shi da Rick suna fama a ciki, muka ga Diane ta dawo, muka ga sun fito sau da dama ashe ba su fito ba, har Morty ya girma ya yi aiki. Can sai ya gane Rick bai taɓa biyo shi cikin ramin ba, shi kaɗai ne tun farko, kuma tsoron nasa shi ne dogaron da ya yi da kakan da zai iya maye gurbinsa da wani. Da ya fito ya ambaci Diane, Rick ya juya da gudu ya tsaya a bakin ramin. Bai shiga ba. Ya ciro hoton jikansa daga walat ya manna a bangon da ake sa waɗanda suka ci ramin. Belden ne ya ɗauki nauyin wannan kashi kusan shi kaɗai, yaron da wata biyu kafin nan ake kira ɗan kwaikwayo.

Tsohuwar ɓaraka

Masoyan shirin ba su taɓa zama tsintsiya ɗaya ba. Akwai masu son kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa, a yi kasada a yi dariya a manta. Akwai masu son dogon labari, su ne ke tsayar da hoto suna neman alamu a bango. Marubutan sun san da wannan, har a zango na 4 sun yi kashi guda a cikin jirgin ƙasa suna yi wa masu neman dogon labarin ba'a. Duk zangon da ya fito, ɗaya ɓangaren zai ce an ci amanarsa.

Kuma suna da tarihin wuce iyaka. A zango na 3, a 2017, da aka ɗauki mata a ɗakin marubuta, wasu suka bi su da zagi da tona bayanansu a intanet suna cewa sun ɓata shirin, har Harmon ya fito ya la'anci abin. Ɗaya daga cikin matan, Jessica Gao, ita ta rubuta kashin da Rick ya mai da kansa kokwamba mai tsami, wanda ya ciyo wa shirin lambar yabo ta Emmy a 2018. A shekarar 2017 ɗin ne Rick ya ambaci wata miyar dangwale da kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya taɓa sayarwa a 1998, kamfanin ya dawo da ita na kwana ɗaya a Oktoba, ba ta isa ba, dandazon masoya suka yi ta ihu a kan ma'aikata har aka kira 'yan sanda a wasu rassan. To kukan “shirin ya mutu” an ji shi a 2017, an ji a 2019 bayan jiran shekara biyu, an ji a 2021. Na 2023 ya samu suna da fuskar da zai rataya a kai ne kawai.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Wanda ya fara kallo yana ɗan shekara 16 a 2013, yana da 26 a 2023. Abin da ya ba shi dariya a ɗakin makaranta da tsakar dare ba lallai ya ba shi yanzu ba. Shi ma Rick an sauya shi da gangan: yana zuwa wajen likitar ƙwaƙwalwa, yana ɗan saurarar iyalinsa. Wanda ya so shi don ba ya ganin kowa da gashi, dole ya ji an rage masa gishiri.

Yadda za a karanta makin intanet

A shafin Rotten Tomatoes maki iri biyu ne, na masu sharhi na jaridu da na jama'a. A zango na 7 na jama'a ya faɗi ƙasa da na masu sharhi da tazara mai yawa. Sai dai kowa na iya buɗe shafi ya ba da maki ko bai kalla ba, kuma da yawa an zuba su ne a makon farko, kafin kashi tara su fito. Irin wannan maki ƙuri'a ce a kan sallamar Roiland, an jefa ta a akwatin da ba nata ba. Makin kashi-kashi ya fi faɗin gaskiya: na 5 da na 10 suna can sama tare da fitattun kashin tsofaffin zanguna, na 8 yana can ƙasa. Zango ne mai hawa da sauka, kamar yawancin waɗanda suka gabace shi.

Inda abin ya taɓa sauran mutane

Masu sana'ar murya ne na farko. Rigimar ta faɗo daidai lokacin da ƙungiyar 'yan wasan Amurka ke yajin aiki, daga Yuli zuwa Nuwamban 2023, kuma ɗaya daga cikin manyan buƙatunsu shi ne kada a kwafi murya ko surar mutum da ƙirƙirarriyar basira ba da izininsa ba. A lokacin wasu masoya na cewa me zai hana a sa na'ura ta yi muryar Roiland a huta. Tashar ta ɗauki mutane biyu masu rai. Ba shi ne karon farko da mai kwaikwayo ya gaji mai asali ba, domin a 2020 shirin Family Guy ya ba Arif Zahir, wanda ya yi suna da kwaikwayon muryar Cleveland, ɗaya daga cikin taurarin shirin, a YouTube, matsayin gaba ɗaya. Darasin da kamfanoni suka ɗauka a fili yake: hoton da aka zana mallakarsu ne, bakin da ke bayansa ana iya sauyawa. Wannan ya rage wa duk wani tauraron murya ƙarfin ciniki.

Yajin aikin marubuta na wannan shekarar, daga Mayu zuwa Satumba, shi ya sa ba a samu sabon zango a 2024 ba, sai wani reshe da aka zana da salon Japan, wanda bai samu karɓuwa sosai ba.

Sai iyaye a nan gida. Shirin na yawo a wayoyi, ana tura shi a shagunan tura fina-finai cikin jaka ɗaya da katun na yara, saboda mai turawa hoto ya gani bai saurari magana ba. Launinsa mai haske ne, idanun mutanen ciki dara-dara, yaro ɗan shekara bakwai zai zauna masa. Kashin taliyar nan kaɗai ya isa ya nuna ba nasa ba ne.

A watan Oktoban 2024 Adult Swim ta ƙara wa shirin wa'adi har zango na 12. Roiland ya yi zango shida, kashi 61, kuma sunansa na nan a rubuce a matsayin wanda ya ƙirƙira tare da Harmon. Idan aka kai ƙarshen wannan kwangila, Cardoni da Belden su ma za su cika zango shida, kuma za a samu masu kallo da yawa da muryarsu ce suka fara sani a matsayin ta Rick da Morty.